Tsakuwa Ta Fita, Ina Labarin Ƙodar?

Duk wanda ya taɓa ganin mai tsakuwar ƙoda yana birgima, ya dafe kwiɓi, gumi na keto masa, ba ya bukatar a fassara masa azabar wannan lalura. Amma abin da ya sa na keɓe mata wannan rubutu shi ne abin da ke biyo bayan sauƙi, domin da zarar tsakuwa ta faɗo cikin fitsari sai majinyaci ya yi hamdala ya naɗe tabarmar zancen, alhali ƙodar da ta haifi tsakuwar ba wanda ya tambayi lafiyarta.

Cutar daɗaɗɗiya ce, tun da Abubakar ar-Razi, tabibin Bagadaza, ya wallafa risala guda a kanta fiye da shekara 1,000 da suka shuɗe. Abin da likitocin zamani suka ƙara mana shi ne, sau da yawa tsakuwa takan zo tare da hawan jini da ciwon sukari da ƙiba, waɗanda kowannensu shi kaɗai ya isa ya raunana ƙoda.

Allah cikin hikimarsa ya sanya wa kowace ƙoda matatai kimanin miliyan ɗaya, su biyun suna tace ruwan jini wajen lita 180 a kullum. Kuma saboda tagwaye ne, idan tsakuwa ta toshe magudanar ɗaya, sai 'yar'uwarta ta ɗauki nauyin, ciwon ya lafa, mutum ya koma kasuwa yana zaton ya warke, ita kuwa toshasshiyar tana kumbura tana lalacewa a ɓoye. Wannan shirun shi ne abin tsoro a wurina. Sannan ga ɗabi'armu ta garzayawa kemis a sayo diclofenac a yi ta haɗiya makonni, maganin da yawan shansa yake ƙara wa ƙoda rauni.

Saboda haka nake roƙon duk wanda ya taɓa fitar da tsakuwa, musamman a bazara lokacin da zufa ke ƙwace ruwan jiki, ya koma asibiti a ɗauki hoton cikinsa, a auna jininsa da sukarinsa da ƙarfin aikin ƙodarsa, ya yawaita shan ruwa, ya rage gishiri da dunƙulen miya, domin kusan rabin masu wannan lalura tsakuwar kan dawo musu kafin shekara 10.