A Riƙa Gaya Mana Da Wace Rariya Ake Tankaɗe Mu

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan masu binciken nan da ke yawo ƙauyuka da kasuwanni da 'yar na'ura a hannu suna yi wa jama'a tambayoyi. Da wuya su bar gari ba su bar ƙorafi a bayansu ba. Sai ka ji ana cewa sun shiga gidan wane sun tsallake gidan wane, sun tambayi mata sun ƙyale maza, daga nan kuma sai zargi ya hau kan mai unguwa cewa shi ya ba da sunayen 'yan gaban goshinsa.

Da farko dai ya kamata 'yan'uwana mutanen karkara su gane cewa tsallake gida a wajen bincike ba wulaƙanci ba ne. Duk wanda ya taɓa sayen buhun gero a Dawanau ya san ba a zazzage buhun a ƙirga ƙwaya. Soka shi ake yi a baki da tsakiya da gindi, a duba abin da ya fito a tafin hannu. To haka binciken yake. Misali, a binciken lafiyar iyali da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018, wurare 1,400 aka zaɓa a duk faɗin Nijeriya, a kowane wuri aka ɗauki gidaje 30, jimla gidaje 42,000 ke nan. An tambayi mata 41,821 masu shekara 15 zuwa 49, da maza 13,311 masu shekara 15 zuwa 59, domin a gida ɗaya cikin uku kaɗai ake tambayar maza. Saboda haka tsohuwar da ta haura hamsin da ba a tambaye ta ba, babu wanda ya ƙi ta, ƙa'idar ce ba ta hau kanta ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne sabon salon da aikin ya ɗauka tun da kwamfuta ta shigo cikinsa. A da, in an rubuta sunanka a takarda, nan yake zaune har takardar ta tsufa. Yanzu kuwa bayanan da ka bayar ana zuba su ne a na'ura, sai mai bincike ya ce da ita, fito mini da mata masu goyon yaro ƙasa da shekara 5 a ƙaramar hukuma kaza, ko fito mini da 'yan tireda masu waya waɗanda ba su taɓa cin bashin banki ba. Nan take za ta tankaɗe dubban sunaye ta ware masa rukuninsa. Kuma rukunin ba ya zama wuri ɗaya. Ranar da yaron ya cika shekara 5 uwarsa ta fita, wata sabuwar mai jego ta shiga. Ranar da ɗan tireda ya amsa cewa ya ci bashi, ya koma wani rukunin, a fara kiransa da wasu tambayoyin daban. Duk wannan yana faruwa ne shi mai sunan yana can yana awon gishirinsa, bai sani ba.

Ni a ganina wannan dabara tana da amfani, domin ta fi tsohuwar takardar da ke kiran mamaci taro. To amma fa rariya abin da aka zuba mata take tankaɗewa. Na'ura ta iya ƙirga shekaru da kanta, amma ba ta san gobara ta cinye rumfarka ba, ba ta san ka sayar da shanun huɗarka ba, ba ta san rashin tsaro ya tashe ku daga ƙauyenku ba. Idan babu wanda ya dawo ya sake tambaya, mutumin da ya karye yana nan a rukunin masu hali, wanda ya samu buɗi kuma yana nan a rukunin mabuƙata.

Babbar matsalar kuma ita ce waya. Yawancin wannan kira da ake yi wa rukuni-rukuni ta waya ake yin sa, saboda ya fi arha. Lokacin annobar korona a 2020, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta wayar tarho ta riƙa bin gidaje tana tambayar halin da suke ciki, ta hanyar lambobin da ta karɓa a wani bincike na baya. Wannan uzuri ne, tun da an hana zirga-zirga. Amma mu tuna a watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato saboda 'yan bindiga, sannan a 2024 an rufe layukan da ba a haɗa su da lambar NIN ba. Wa ya fi faɗawa cikin irin wannan? Talakan ƙauye, da matar da wayar gidan tana aljihun mijinta, da makiyayin da ke daji. Idan sharaɗin shiga rukuni shi ne wayarka ta shiga, to waɗanda wahala ta fi ci su ne za su fara zubewa, sakamakon kuma ya fito yana cewa jama'a suna cikin sauƙi. Buhu ne aka soka a baki kawai.

Mu ma jama'a muna da namu laifin, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da zarar an ga baƙi da na'ura sai labari ya bazu cewa tallafi ya zo. Mai buhu ashirin a rumbu ya ce ko tiya ba shi da ita, mai 'ya'ya huɗu ya ce goma ne, mai shekara sittin ya rage ashirin don ya shiga sahun matasa. Wannan algus ne, daidai yake da zuba tsakuwa a gindin buhu. Kuma kanmu yake dawowa, domin da waɗannan amsoshi ake lissafin inda za a kai allurar rigakafi da taki da malaman asibiti. Garin da kowa ya ce ba ya noma, yaya za a yi a sa shi cikin masu buƙatar taki? Bincike daban, rajistar tallafi daban, kuma mai binciken kirki zai faɗa maka haka tun a ƙofar gida.

Wani zai ce to me ya sa mutanenmu ke ɗari-ɗari da masu bincike? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa. Yara 200 aka raba gida biyu, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wani da aka saba da shi, yara 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta, aka yi ta shari'a har zuwa 2009 da aka sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abin da ya ƙara wa ƙin allurar shan inna ƙarfi a 2003. Darasin da ke ciki shi ne, raba mutane rukuni-rukuni ba tare da sun fahimci abin da ake ciki ba yana ɓata aikin da zai zo shekaru a gaba.

Saboda haka ina kira ga hukumomi da jami'o'i da ƙungiyoyin da ke aiko da masu bincike da su riƙa tara jama'a a ƙofar fadar dagaci kafin su fara, su faɗa da Hausa ƙarara wane ne ya aiko su, su wa suke nema, da wace ƙa'ida aka zaɓe su, kuma akwai kuɗi ko babu. Su riƙa dawowa lokaci-lokaci suna sabunta bayanai. Su ware ma'aikata, har da mata, da za su taka da ƙafa su iske marasa waya. Sannan lambar da mutum ya bayar don tambayar cizon sauro, kada a wayi gari a miƙa ta ga masu tallar bashi, sai an sake neman izininsa.

Ku kuma 'yan'uwana manoma da 'yan kasuwa, ku sani dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023 ta ba ku ikon sanin abin da za a yi da bayananku, da neman a gyara kuskure, da janye amincewarku in kun ga dama. In mai bincike ya yi sallama, a ba shi tabarma, a nemi ganin katin shaidarsa, a tambaye shi dalilin zaɓen gidan. In bayaninsa ya gamsar, a gaya masa gaskiya. In bai gamsar ba, a sallame shi cikin mutunci. Lambar sirrin katin banki kuwa, babu binciken gaskiya da ke neman ta.

 

Naku,
Wani mai sayar da hatsi,
Kasuwar Dawanau, Kano.