Jinjina Ga Masu Binciken Da Suka Raba Wake Da Guba

Idan aka yi zancen kare lafiyar ma'aikaci a Damagaram, hankali kan tafi matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a Nuwamban 2011, inda ake sa hular kwano da manyan takalma. To amma mutum nawa matatar ke ɗauka? A Gaffati da ƙauyukan da ke kewaye da ita cikin gundumar Mirya, wurin aiki shi ne gona da garka da ɗakin ajiya, ma'aikatan kuwa maigida ne da matansa da 'ya'yansa. Babu mai duba su, babu mai rubuta abin da ya same su. Haɗarin da ya fi kusa da su kuma yana cikin 'yar kwalba ko 'yar ƙwaya da ake saye a kasuwa da kuɗi kaɗan.

Saboda haka nake ganin masu binciken ƙwari na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa da aka kafa a 1975, sun cancanci jinjinar da ba a cika yi musu ba. Ana yabonsu a kan amfanin gonar da suka tsirar, ana mantawa da rayukan mutane.

A ɗauki wake. Nijar ce ke bin Najeriya a noman wake a duniya, kuma kowane manomi ya san halin ƙwaron da ke shiga buhu tun daga gona: a ajiye wake da kaka, kafin bazara ya koma huda da gari. Mafita biyu aka sani. Ko a sayar da kaka lokacin da tiya ba ta da daraja, ko a sa magani. Maganin kuwa sau da yawa ƙwayar Phostoxin ce, a ƙunsa ta cikin tsumma a cusa tsakiyar buhu. Da ta sha raɓar iska sai ta fara fitar da iskar fosfin, gubar da har yau likitoci ba su da makarinta. An yi ta ne domin manyan sito masu rufewa ruf, a hannun wanda aka horar. A ƙauye kuwa buhun na jingine a ɗakin da yara ke kwana. Wasu kuma maganin ƙwarin nan piya-piya suke yayyafawa, a ci waken bayan 'yan makonni.

Shekara da shekaru ana wa'azi a kan wannan, ba ta canja zane ba, don kuwa wanda aka ce ya bar magani ba a ba shi abin da zai riƙe ba. Buhun PICS ne ya kawo amsa. Tushensa binciken da Larry Murdock na jami'ar Purdue ta Amurka ya faro da abokan aikinsa a arewacin Kamaru a ƙarshen shekarun 1980, sannan daga 2007 aka shiga yaɗa shi a ƙasashe goma na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. A Nijar, Dokta Ibrahim Baoua da Dokta Laouali Amadou, da ke tashar INRAN ta Maraɗi a lokacin, na cikin waɗanda suka gwada shi buhu-buhu, suka auna, suka tabbatar. Ledoji biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje, kowanne a murɗe bakinsa a ɗaure daban. Ƙwarin da ke ciki su da kansu suke shanye iskar da ta rage, su daina ci, su bushe su mutu. Ko ƙwaya ɗaya ta magani ba ta shiga.

Yadda suka shigar da shi zukatan mutane ya fi burge ni. A gaban maigari da jama'a ake cika buhun da waken mutanen gari, a ɗaure, a bar shi a hannunsu. Bayan wata huɗu zuwa shida a sake taruwa a kwance, kowa ya sa hannu ya ɗebo. Gani ya kori ji. Matar da ta ga wakenta fes ba ta bukatar a karanta mata illar guba.

Haka suka yi da murzuna, tsutsar da ke sassaƙe zangarniyar gero tun bayan farin shekarun 1970. Daga 2006 suka riƙa kiwon wani ɗan ƙaramin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor, wanda macensa ke harbin tsutsar ta sandare sannan ta saka ƙwai a jikinta. Ana rataya 'yan jakunkunan algarara kimanin 15 a gonakin gari, zanzaron da ke ciki su fito su bazu. Duk gonar da wannan ya wadatar, an rage mutum ɗaya da zai ratsa gero mai tsayin kansa da famfon feshi a baya.

Wannan aiki ne na a-zo-a-gani, Allah ya saka musu da alheri. Sai dai, ya ku malamai, da sauran rina a kaba.

Ku leƙa garka da rani, lokacin da tumatir da shu da salati suka yi kyau. Mai feshi yaro ne matashi, da silifa a ƙafa, wando a naɗe. Da murfin kwalba yake awo, in ƙwari sun yi taurin kai ya ƙara murfi biyu. Famfon na yoyo a gadon bayansa. Bakin famfon ya toshe, ya sa baki ya hura. Ya gama ya sha nono, don an gaya masa nono na kashe guba, alhali ba ya kashewa. In jiri da amai da zufa da dalalar miyau suka taso, sai a ce rana ce ta buge shi ko zazzaɓi ne, ba wanda zai tuna ya tafi da kwalbar wurin likita, ita ce kuwa za ta nuna ko allurar atirofin ce ake bukata. Kwalbar ma ba a yar da ita, za a wanke a zuba mai ko kananzir. Washegari a tsinki tumatir a kai kasuwar Mirya ko ta Dole.

Doka tana nan. Kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance magungunan ƙwari na aiki tun 1994, an hana endosulfan a 2007, an hana paraquat a 2011, kuma RECA, haɗakar majalisun manoma, ta sha wallafa sunayen magungunan da ke yawo a kasuwa ba su da lambar izini. Yawancinsu ta iyakar kudu suke shigowa, da rubutun Turancin Ingilishi a jiki, a ƙasar da wanda ya yi lakwal ma Faransanci ya koya. Wane ne zai karanta kwana nawa ake jira tsakanin feshi da tsinka?

A nan ne nake so masu bincike su maimaita dabararsu ta buhu. A ce wa talaka ya sayi rigar roba da takunkumi ya sa cikin zafin Afrilu, magana ce da ba za ta wuce bakin mai faɗinta ba. Ku zauna da masu feshin, ku ga yadda suke aiki, ku gwada abin da jiki da aljihu za su iya ɗauka: ma'aunin da ya dace da famfon lita 16, ruwan ɗiyan bedi inda yake aiki da inda ba ya yi, takardar bayani da Hausa, boko da ajami, da hoto. Akwai gwajin jini mai nuna yadda wasu magungunan feshin suka taɓa jijiyoyin mutum tun kafin ya faɗi. A yi wa masu feshin gari ɗaya kafin noman rani da bayansa, a tara su a nuna musu sakamakon kamar yadda aka kwance buhu a gabansu. Jami'ar André Salifou na nan cikin Damagaram, ga ɗalibai masu neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai, ga Gaffati a bakin ƙofa.

Abu na biyu da ya rage ya fi nauyin faɗi, don ya shafi gidan masu binciken kansu. Wanda sunansa ke fita a mujalla ba shi ne ke dama maganin gonar gwaji ba. Lebura ne, ko ɗalibi, ko mai wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje. Ilimin shugaba ba ya kare fatar yaronsa. A Disamban 2008, a jami'ar Kaliforniya da ke Los Anjalas, wata matashiya 'yar shekara 23 mai taimakon bincike ta ƙone lokacin da wani sinadari mai kama wuta da iska ya zubo mata, ba ta sanye da rigar kariya, ta rasu bayan kwana 18. Har kotu aka kai farfesan da take aiki a ƙarƙashinsa, kuma daga nan jami'o'in Amurka da dama suka gane cewa takardar doka a bango ba ta yin komai sai shugaban bincike ya ɗauki abin nasa. Inda kuɗi da kayan aiki suka wadata ke nan.

Don haka duk mai rubuta kasafin bincike ya sa kuɗin safar hannu da tabarau da sabulu da ruwan wanka a layi ɗaya da kuɗin man mota. A ajiye littafin da za a rubuta duk abin da ya zube ko ya fashe, ko da bai ji wa kowa ciwo ba, kuma lebura ya iya faɗa ba tare da tsoron rasa aikin gobe ba. Shi kuma dokta, ranar feshi ya fito gona ya sa nasa takunkumin a gaban yaransa.

Buhun PICS ma da sauran aiki a kansa. Ɓera na huda shi, na jabu na shigowa kasuwa, kuma da kaka, daidai lokacin da ake bukatarsa, manomi kan rasa mai sayarwa kusa ko kuɗin saye. Ranar da ya rasa buhu, mai tebur na nan da ƙwayarsa. Kafin kakar bana, a ƙidaya shagunan da ke sayar da buhun gaske tsakanin Gaffati da Mirya, a sanar da sunayen garuruwan da farashin a rediyo.