Dusar Ƙanƙara Ba Ta San Mai Muƙami Ba

A ranar 3 ga Janairun 2022, Sanata Tim Kaine na Amurka ya bar Richmond zuwa Washington, tafiyar kimanin awa biyu. Dusar ƙanƙara ta toshe babbar hanyar I-95, ya shafe awa 27 a mota. A Disamban shekarar kuma, guguwar dusa ta halaka fiye da mutum 40 a yankin Buffalo, wasu a cikin motocinsu.

Wannan darasi ne ga ma'aikatan tarayya da ake turawa ƙasashen sanyi, da hadiman da ke tsara wa manya tafiya. Gwanintar tuƙi a titunan Abuja ba ta wadatar a can, domin a kan ƙanƙara mota na iya cin ninki goma na tazarar da ta saba kafin ta tsaya. Shi ya sa lardin Quebec na Kanada ya wajabta tayoyin hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris.

Ya kamata ma'aikatu su sanya wannan cikin horon da suke bayarwa kafin tafiya: tanki cike, bargo, ruwa, abinci da shebur. Wanda ya maƙale ya zauna a motarsa, ya riƙa share bakin salansa, don dusa na toshe shi, hayaƙi ya koma ciki ya kashe.

Nauyi mafi girma yana kan hadimi: ya iya gaya wa maigidansa cewa yau babu tafiya. Taron da aka ɗage ana iya sake sa masa rana.