SHARHI: Ɗinke yatsa rabin aiki ne, wa zai biya sauran?

A kasuwar Panteka da shagunan kafintoci da na markaɗe a Kaduna, yatsa shi ne jari. Idan inji ya cinye kan yatsa har ƙashi ya bayyana, abu biyu ne a gaban likita: ya rage tsawon yatsan, ko ya rufe raunin da fata mai tafiya da jininta.

Dabarar ta daɗe a duniya. Tun 1964 likita Moberg na Suwidin ya bayyana yadda ake janyo fatar babban yatsa a rufe kansa, a 1970 kuma Atasoy ya bayyana makamanciyar hanyar ga sauran yatsu. Wata hanyar ita ce a aro fata daga bayan yatsan da ke kusa, a bar su manne na mako biyu zuwa uku, sannan a koma tiyata a raba su.

Bayan shekaru, fatar kan zauna daram, tsawon yatsa ya tsira. Sai dai ji ba ya dawowa gaba ɗaya, gaɓa kan sage idan ba a yi gashin ƙashi ba, sanyi kuma kan addabi wurin, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai walda a lokacin hunturu.

Nan ne maganar ta zama ta siyasa. Tiyata ta biyu da watannin motsa yatsa kuɗi ne, ga shi mai rauni ba ya aiki. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na albashinsu a asusun NSITF, kuma ta haɗa da masu koyon sana'a. Amma yaron shagon da babu sunansa a kowace takarda, da me zai nemi haƙƙinsa? Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta ce dole kowa ya shiga, jihar ma tana da hukumarta, KADCHMA.

Don haka tambayar da ta dace matasa su yi wa 'yan majalisarsu ita ce: masu sana'a nawa aka yi wa rajista, kuma shin inshorar tana biyan kulawar bayan tiyata a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko? Yatsan da aka ɗinke amma ba ya riƙe guduma bai mayar da mai shi bakin sana'a ba.