Kafin a Sake Sayar da Wani Sito Saboda "Izinin Aiki"



Makon jiya bayan la'asar wani ɗan'uwa ya tsayar da mu a ƙofar masallaci, ya ce yana so mu zama shaidar ciniki. Sitonsa na citta zai sayar, wanda ya gada wurin mahaifinsa, ya haɗa da kuɗin wani fili, ya tura ɗansa Ingila karatun digiri na biyu. Muka ce Allah ya sa albarka, amma in sito ya tafi, da me za a riƙe gida? Ya ce, "Malam, ai yana gamawa za a ba shi izinin aiki, shekara ɗaya ya mayar da kuɗin." Muka ce wa ya faɗa maka? Ya ce wani mai ofis a Kaduna da ke shirya wa yara takardu. Ba mu sa hannu ba ranar, kuma mun san ransa ya ɓaci. Shi ne mutum na uku da ya zo mana da irin wannan magana cikin shekara biyu, shi ya sa muka ga gara a fito da ita fili kowa ya ji.

Tun kafin a ce limamin kasuwa yana gaba da boko, to ba haka ba ne. Muna zaune a Kwoi, garin da 'yan mishan suka sauka tun 1910, mun kuwa ga da idonmu inda karatu ya kai maƙwabtanmu Ham, mun ga abin da jinkirinmu ya jawo mana. Yaron da ke da kai, ya yi karatu har ya gaji. Abin da muke faɗa da shi shi ne a sayar da abin hannu a sayi alkawari, alkawarin ma ba daga bakin mai ikon cika shi ba.

Izinin nan akwai shi, ba ƙarya ba ne, sai dai a san mene ne shi. Birtaniya ta buɗe wannan biza ta masu kammala karatu ranar 1 ga Yulin 2021: shekara biyu ga mai digiri na farko ko na biyu, shekara uku ga mai digirin digirgir. Sau ɗaya ake ba mutum ita, ba a sabunta ta. Dole a nema a cikin ƙasar, tun bizar karatu ba ta ƙare ba, kuma sai jami'a ta sanar da hukuma cewa yaro ya kammala. Ku dubi wannan sharaɗin da kyau: yaron da ya faɗi wani darasi, ko jami'a ke bin sa cikon kuɗi, zai iya zama yana kallon kwanakinsa na ƙarewa. Kuma ba kyauta ba ce. A 2025 kuɗin nema fam 880 ne, kuɗin asibiti fam 1,035 na kowace shekara, a biya gaba ɗaya. Ke nan kusan fam 3,000, wajen naira miliyan shida, daga aljihun yaron da bai fara aiki ba. Mai ofis bai gaya wa ɗan'uwanmu wannan ba.

Sannan izinin neman aiki daban, aikin kansa daban. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. In wa'adin ya cika, sai dai ya sami kamfani mai lasisi da zai tsaya masa, a kan albashin da gwamnati ta yanka. Da fam 26,200 ne a shekara. A Afrilun 2024 aka ɗaga shi zuwa 38,700, a Yulin 2025 aka kai shi 41,700. Akwai rangwame ga sabon kammala karatu, amma shi ma ya haura fam 33,000, kuma na ɗan lokaci ne. Yaron da ke ɗaukar kaya a sito da dare, ko yake kula da tsofaffi, ba ya kusa da wannan albashi. Ba raina aikin muke ba, halal ne, mu ma dako muka fara da shi. Amma a ce an sayar da sito a Kwoi don yaro ya je ya yi dako a siton Bature na shekara biyu, ya dawo da bashi, wannan wane irin ciniki ne?

Abin da ya fi damun mu ma ba tsadar ba ce. Ƙa'idar ce ba ta zama wuri ɗaya. Irin wannan biza an taɓa yin ta, aka rufe a 2012, ta shekara tara a rufe. Da aka sake buɗewa 'yan Najeriya suka yi tururuwa, har a 2022 iyalan da suka bi ɗalibanmu suka fi ɗaliban yawa. Sai aka ce daga Janairun 2024 mai digiri na biyu na aji ba zai tafi da mata da yara ba. A Yulin 2025 aka rufe ɗauko masu aikin kula da tsofaffi daga waje. Yanzu kuma an sanar cewa wanda ya nema daga 1 ga Janairun 2027, wata 18 zai samu maimakon shekara biyu, ban da masu digirin digirgir. Ma'ana duk yaron da zai tashi yanzu, shekara biyun da ake yi wa ubansa talla da ita ba ita zai tarar ba. Kanada tana ba mai digiri na biyu shekara uku, amma tun 2024 ta rage yawan ɗaliban da take karɓa, ta kuma sa jarrabawar harshe kafin a ba da izinin. Amurka wata 12 take bayarwa, da ƙarin wata 24 ga masu kimiyya da injiniya, bayan nan bizar aiki sai da ƙuri'a. Kowace ƙasa tana auna nata ne da mudun zaɓenta, ba da mudun bashin da muka ci ba.

Abin mamaki, a ce mu ne za a ruɗa da wannan. Mu fa! Mu da kakanninmu suka zo ƙasar nan fatauci suka zauna, aka haifi iyayenmu aka haife mu, amma duk wanda ya taɓa nema wa ɗansa takardar shaidar asali ya san yadda ake tambayar garin kakan kaka. Ba tsokana muka kawo ba, muna zaune lafiya da mutane kuma muna fatan ɗorewarsa. Muna tuna wa kanmu ne cewa mun fi kowa sanin takardar da ke hannun wani. Dattawanmu suna ba da labarin 1969, lokacin da gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fice, Hausawan zango da suka shekara aru-aru suna cinikin goro suka bar gidaje da shaguna. A 1983 mu ma a nan, zamanin Shagari, muka yi wa mutanen Gana irinta. In maƙwabci baƙar fata ya yi wa maƙwabcinsa haka, me ya sa muke zaton takardar Bature ta fi ƙarko? Kayan aro ba ya rufe katara.

Mu dawo kan lissafi, tunda 'yan kasuwa ne mu. Takardar da ɗan'uwan nan ya nuna mana, kuɗin makaranta fam 16,000. Hukuma kuma tana so a nuna kuɗin ci da kwana na wata tara, sama da fam 1,100 kowane wata ga wanda ba a Landan zai zauna ba, wato fiye da fam 10,000. A kan naira wajen dubu biyu kowane fam, an haura miliyan hamsin, ba a sa kuɗin biza da jirgi da ladan mai ofis ba. Sitonsa da filinsa ba su kai rabi ba. Ragowar fa? Wai yaro zai yi aiki ya cika. Ɗalibi awa 20 kawai aka yarda ya yi a mako lokacin karatu, wanda da ƙyar yake biyan haya da abinci. A farkon 2023 fam bai kai naira 600 a banki ba. Aka saki naira a watan Yunin shekarar, kafin a ankara kuɗin da iyaye suka tanada ya narke. A Mayun 2024 duniya ta ji labarin ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside da suka kasa biya kan lokaci, aka dakatar da su, wasu aka ce su bar ƙasar. A 2023 ɗin nan dai cuta ta shiga gonakin citta daga Kaciya har nan Jaba, wanda ya ba da kuɗin noma ya san abin da ya kwasa. Mutumin da bai gama farfaɗowa daga wannan ba, shi ake so ya shiga wata cacar da ragowar jarinsa.

Akwai kuma abin da ba za mu yi shiru a kai ba ko da za a daina gaishe mu. Kuɗin da ake nunawa dole su kwana 28 a asusu ba su taɓu ba. To mun sani, ku ma kun sani, akwai masu zuba wa mutum miliyoyi a asusu na wata ɗaya, a buga takardar banki, su janye abinsu da ƙarin kuɗin ruwa. Abu biyu ke nan a dunƙule: riba da shaidar zur. Sai kuma a zo a ce Malam a yi mana saukar Alƙur'ani biza ta fito. Haba jama'a! Ko a wajen hukumar can, wanda aka kama da yaudara a takarda za a iya hana shi shiga har shekara goma. Haka masu sayar da takardar kamfani, wai an ɗauki yaro aiki alhali babu aikin: miliyoyi ake karɓa, in asiri ya tonu yaron ake kora, dillali yana nan yana jiran wani uban.

Za a ce ai ɗan wane ya tafi, ga shi ya gina wa uwarsa gida. Gaskiya ne, Allah ya ƙara masa. Amma a tambaya yaushe ya tafi, me ya karanta, nawa fam yake lokacin. Wanda ya ci nasara hotonsa ke yawo a WhatsApp. Wanda ya maƙale ba ya ɗaga waya, uwarsa kuma ba ta faɗa a gidan suna. Mun san gida biyu a unguwar nan da ke cikin wannan hali, ba za mu tona ba.

Wanda ɗansa ke da ƙoƙari, akwai hanyar da ba sai an sayar da komai ba: tallafin Commonwealth, da Chevening, da na asusun PTDF ga masu fannin man fetur da makamashi. Da wuya, amma ana samu. Ku lura, Chevening da kanta sharaɗinta mutum ya koma ƙasarsa shekara biyu bayan karatu. In kuma digirin ake so don ilimin, Jami'ar Ahmadu Bello tana nan Zariya, ta Jos ma ga ta kusa, kuɗin da ake ba mai ofis kaɗai zai yi nisa wajen biya. Wanda Allah ya hore wa kuwa, wanda zai iya kashe miliyan hamsin ko yaro ya dawo washegarin kammalawa bai yi kuka ba, wannan ya tura, ba da shi muke ba.

Mun yi magana da sauran masu jan salla da dattawan kwamitin masallaci, ga inda muka tsaya. Ba za mu zama shaidar sayar da gida ko sito ko gona don irin wannan tafiya ba sai an kawo takardar jami'a da lissafin kuɗi gaba ɗaya, ɗaya daga cikin yaranmu malaman makaranta ya buɗe shafin gwamnatin ƙasar a intanet ya karanta wa uban da Hausa, a gaban uwar yaron da magadan da ke da haƙƙi a kadarar. In an ji komai aka ce an yarda, dukiyar mutum tasa ce. Mai ofis kuma in gaskiya gare shi, ya rubuta alkawarin izinin aikin a takarda ya sa hannu. Mun aika wa na Kaduna wannan saƙo ta bakin ɗan'uwanmu, yau kwana shida bai amsa ba.

Za a zauna ranar Asabar bayan la'asar a makarantar Islamiyya, duk mai irin wannan takarda a gida ya zo da ita. An tanadi wuri ga iyaye mata.

Wassalam.