Ina Ruwan Bakano Da Teku?

Ran nan da la'asar muna zaune a gindin darbejiya a Nasarawa, rediyo na ba da labarin wata gawurtacciyar guguwa da ta doshi bakin teku a Amurka. Sai wani akawu ya yi dariya, ya ce ina ruwan Bakano da teku? To, Malam Akawu, ga amsarka.

Irin wannan guguwa ba iskarta ce ta fi kisa ba. Tun tana tsakiyar teku take kora ruwa a gabanta kamar makiyayi da garkensa, har ya taru ya hau tudu. A 2005 wadda ake kira Katrina ta ɗaga ruwa fiye da ƙafa 25 a gaɓar Misisipi. A 1970 kuwa, a ƙasar da yanzu ake ce wa Bangaladash, mutum wajen 300,000 suka halaka, da yawansu manoman shinkafa ne, ana shirin girbi. Ga shi ruwan teku gishiri gare shi. Ko ya janye, gona ba ta komawa daidai sai ruwan sama ya wanke ta.

Mu ba mu da teku, gaskiya ne, amma muna da madatsun ruwa da koguna, kuma ruwan da ya zo gaba ɗaya halinsa ɗaya ne ko'ina. Dattawa ba su manta da Agustan 1988 ba, sa'ad da madatsar Bagauda ta ɓalle. Mutanen Ringim da Haɗeja kuwa sun ga abin da kogi ya yi wa shinkafarsu a 2022.

Ban ce a bar noman fadama ba, wa zai bar inda albarka take? Amma rumbu da turken dabbobi da irin baɗi, tudu ne wurinsu. Haka ɗan kasuwa, kada arahar haya ta sa ya jibge buhunansa a siton da ke cikin kwari.

Hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina kowace shekara. A ganina ba shi da amfani in ya tsaya a teburin akawu. A kai wa hakimai da dagatai da Hausa, a sa sankira ya yi shela ran kasuwa, tun kafin Agusta ya kama.