Kaya Sun Cika Gareji, Kwalekwale Bai Taɓa Ruwa Ba

A arewacin jihar Minnesota ta Amurka, daf da iyakar Kanada, akwai wani daji da ake kira Boundary Waters. Faɗinsa ya haura eka miliyan ɗaya, tafkunan cikinsa sun fi 1,100, kuma a mafi yawansu doka ta hana jirgi mai inji shiga. Duk mai son ratsa dajin sai ya nemi kwalekwale da filafili, ya loda tantinsa da abincinsa, ya yi ta tuƙi kwana da kwanaki, idan yamma ta yi ya yada zango a bakin ruwa. Irin wannan yawon ake yi a gandun dajin Quetico da na Algonquin da ke lardin Ontario na Kanada.

Idan ka tambayi masu yin sa abin da ke kai su, amsar kusan ɗaya ce: suna gudun hayaniyar birni da tarkacen duniya, suna son su rayu da abin da kwalekwale zai iya ɗauka kawai. Abin mamakin shi ne, a kan wannan buri na rage kaya aka gina wata ƙatuwar kasuwa ta ƙara kaya. Mutum zai sayi tanti bana, baɗi ya ga wanda ya fi shi rashin nauyi ya sake saya. Haka risho, haka jakar barci, haka matacin ruwa, har a kai ga kwalekwalen kansa. Masu wannan sha'awa da bakinsu suke kiran abin ciwon tara kaya, suna faɗa suna dariya.

A ganinmu abin ya wuce na dariya. Akwai iyakar da sayen kaya yake taimaka wa tafiya, daga nan kuma sai ya fara cinye kuɗi da lokacin da tafiyar take buƙata. Da yawa sun tsallake wannan iyaka ba su ankara ba.

Nauyi ba ƙarya ba ne

Adalci shi ne a fara da abin da masu sayen suka yi gaskiya a kai. Tafkunan wannan yanki ba a haɗe suke ba. Idan ka kai ƙarshen ɗaya, dole ka sauke kaya, ka kifa kwalekwalen a kafaɗa, ka bi 'yar siririyar hanya cikin duwatsu da laka da sauro har zuwa tafki na gaba. A wuni guda ana iya yin wannan dako sau biyar ko fiye. Wanda ya taɓa ɗaukar buhu a ka ya san bambancin kilo 20 da kilo 35.

Tarihin kwalekwalen ma tarihin yaƙi da nauyi ne. 'Yan asalin yankin, irin su al'ummar Ojibwe, da ɓawon wata bishiya suke ƙera nasu, mara nauyi, mai sauƙin gyara da ƙaro a tsakiyar daji. Fataken fatu na ƙarni na 18 da na 19 sun ari wannan fasaha, amma 'yan dakonsu sun ɗanɗana kuɗarsu: ƙunshi ɗaya yana kai kilo 41, kuma biyu ake ɗora wa mutum a lokaci guda. A hanyar Grand Portage da ke gaɓar Tafkin Superior, sai an yi kusan kilomita 14 a ƙasa da irin wannan kaya. Ciwon ƙaba ya nakasa da yawa daga cikinsu.

Daga baya aka koma katako da tamfol. A 1945 kamfanin Grumman, wanda ya yi suna wajen ƙera jiragen yaƙi na sama, ya fara fitar da kwalekwalen alminiyum. Mai tsawon ƙafa 17 yana da nauyin kusan kilo 34, kuma saboda ƙarkonsa har yau ana tuƙa waɗanda suka girmi masu tuƙa su. Sai kuma zaren Kevlar, wanda Stephanie Kwolek ta gano a kamfanin DuPont a 1965. Da shi ake ƙera kwalekwalen mutum biyu da bai wuce kilo 20 ba.

Wannan ci gaba ne na haƙiƙa. Dattijo mai ciwon baya da ya koma Kevlar ya sayi ƙarin shekaru a kan ruwa. Uwar da ke tafiya da yara ƙanana ta sami sauƙi. Babu mai hankalin da zai zarge su.

Inda lissafi ya tsaya

Matsalar tana farawa ne bayan an rage manyan kilo, aka koma farautar giram. Filafilin katako yana aiki, amma ga na zaren kabon da ya fi shi sauƙi da 'yan giram ɗari uku, a kan dala 200 zuwa 300. Tukunyar alminiyum tana dafa abinci, amma ga ta ƙarfen taitaniyum. Har cokali akwai na zamani. Kowane sabon saye yana cin kuɗi fiye da na baya, yana kuma rage nauyi ƙasa da na baya. Kuma kwalekwale ba kafaɗar mai hawan dutse ba ce. Mafi yawan sa'o'in tafiyar ruwa ne ke ɗauke da kayan.

A yi lissafi mai sauƙi. Sabon kwalekwalen Kevlar ya haura dala 3,000. A garin Ely, wanda shi ne babbar ƙofar shiga Boundary Waters, akwai masu ba da hayar irinsa a kan kimanin dala 50 zuwa 60 a rana. Mai zuwa mako guda a shekara sai ya shafe kusan shekara takwas kafin kuɗin haya ya kamo kuɗin saye, ba a ma sa kuɗin wurin ajiya da na ɗaure shi a kan mota ba. Amma kafin shekara takwas ɗin ta cika, ya riga ya hango wani.

Dalilin ba sabo ba ne. A ƙarshen shekarun 1760, marubucin Faransa Denis Diderot ya ba da labarin yadda aka yi masa kyautar wata jar riga mai tsada ta zaman gida. Da ya sa ta, sai kujerarsa ta zama abin kunya a idonsa, ya canza ta. Teburi ya biyo baya, sai kayan bango, har ya tsinci kansa cikin bashi. A 1988 masani Grant McCracken ya raɗa wa wannan hali sunan Diderot. Shi ne ke aiki a nan. Sabon kwalekwale mai sheƙi ba ya son tsohon filafili. Sabon filafili yana raina tsohuwar jaka. Kaya ɗaya yana kiran ɗan'uwansa, aljihu yana amsawa.

Hunturu, waya da katin banki

Akwai kuma dalilin da ya keɓanta da wannan yanki. Daga wajen Nuwamba zuwa ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, tafkunan daskarewa suke yi. Kusan rabin shekara mai kwalekwale yana zaune a ɗaki, zuciyarsa tana bakin ruwa. A ƙarshen Janairu ake buɗe neman izinin shiga Boundary Waters na bazara. A watan Maris ake yin Canoecopia, babban baje kolin kayan kwalekwale a birnin Madison na jihar Wisconsin. Tsakanin wannan da wancan, abin da ya rage wa mutum shi ne taswira da waya.

Wayar kuwa ta san shi. Ya duba tanti sau ɗaya, tantin zai bi shi Facebook, ya bi shi Instagram, ya tare shi a YouTube, inda masu nazarin kaya da yawa ke samun kamasho a kan duk wanda ya saya ta hanyarsu. Da wuya ka ga bidiyon da zai ce maka tsohon tantinka ya isa, domin babu mai biyan kuɗin wannan magana.

Sai batun lokaci, wanda a ganinmu shi ne gindin ciwon. A Amurka babu dokar tarayya da ta tilasta wa mai kamfani ba ma'aikaci hutun shekara da albashi. A Ontario mako biyu ne mafi ƙarancin abin da doka ta ba sabon ma'aikaci. Wanda ba zai iya samun kwana goma a daji ba yana iya samun minti goma ya danna oda. Kwalin ya iso, ya buɗe, ya shaƙi ƙanshin sabon yadi, ya ji kamar ya taka wani mataki na tafiyar. Kwana biyu daɗin ya gushe, ƙishin dajin yana nan yadda yake, sai a nemi wani kwalin. Kuma kuɗin da ya tafi a kaya sai an ƙara sa'o'in aiki kafin a mayar da shi, sa'o'in da daga hutun ake yanko su.

Wa ke biyan farashin?

Za a ce kuɗinsa ne, ina ruwan wani? Gaskiya ne, kuma masu ƙera kwalekwale a ƙananan garuruwa irin su Winona da wannan ciniki suke ciyar da iyali. Sai dai ɓarnar ba ta tsaya a aljihun mai saye ba.

Na farko, tana korar sababbin shiga. Matashin da ke sha'awar gwadawa, idan ya ga jerin kayan da ake cewa wajibi ne, sai ya ɗauka yawon na masu hannu da shuni ne, ya haƙura. Dajin kuwa mallakar jama'a ne, kuma yana buƙatar masu kare shi. An yi shekaru ana taƙaddama kan haƙar tagulla da nikel a kusa da Boundary Waters. Wanda bai taɓa kwana a wurin ba da wuya ya ɗaga murya a kansa.

Na biyu, shara. Kwalekwalen da aka ƙera da zare da ƙaron roba yana da wahalar narkarwa a sake sarrafawa. Tantin leda da aka jingine bayan fita uku ba ya ruɓewa. A Boundary Waters an hana shiga da gwangwani da kwalba don kada a ɓata wurin, amma mai kiyaye wannan doka yana iya barin tulin tarkace a gida da sunan ƙaunar daji.

Na uku, kuma mafi hatsari, kaya masu tsada suna sa mutum ya ji ya ƙware alhali bai ƙware ba. Ruwan waɗannan tafkuna a watan Mayu yana da sanyin da zai kashe ƙarfin hannu cikin 'yan mintuna. Rahotannin rundunar tsaron gaɓar teku ta Amurka shekara da shekaru suna nuna cewa mafi yawan waɗanda suka nutse a hatsarin jiragen shaƙatawa ba sa sanye da rigar kariya. Rigar tana cikin mafi arha a jerin kayan, kuma amfaninta a jiki yake. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Sanin lokacin da iska ta yi ƙarfin da bai kamata a ratsa tafki ba, da iya karanta taswira, da iya komawa cikin kwalekwalen da ya kife, duk babu shagon da ke sayar da su.

Kada kuma a jira kamfanoni su kawo magani. A 2011 kamfanin Patagonia ya buga talla a jaridar New York Times yana roƙon mutane kada su sayi wata rigarsa idan ba su buƙata. Cinikinsa ƙaruwa ya yi a shekarar da ta biyo baya. Ko da niyyar mai talla tana da kyau, kasuwa ta iya mayar da wa'azin ƙin saye ya zama dalilin saye.

Ma'aunin da ya dace

A 1980 Don Starkell ya tashi daga birnin Winnipeg na Kanada da 'ya'yansa a cikin kwalekwale mai tsawon ƙafa 21. A 1982 shi da ɗansa Dana suka isa Belem, a bakin Kogin Amazon a Brazil, bayan tafiyar sama da kilomita 19,000. Yawancin kayan da ake cewa dole ne a yau ba a ƙirƙiro su ba a lokacin. Jakar tamfol da fata da Camille Poirier ya yi wa rajista a birnin Duluth a 1882 har yanzu ana ɗinka irinta, ana kuma dako da ita. Lokacin da aka daina yin robar Royalex a wajen 2014, tsofaffin kwalekwalen da aka ƙera da ita suka zama abin nema a kasuwar 'yan gwanjo.

Shawararmu ga mai wannan sha'awa ita ce ya canza abin da yake ƙirgawa. Ya daina ƙirga giram, ya fara ƙirga dararen da ya kwana a bakin ruwa. Kada ya sauya wani kaya sai ya iya faɗin ranar da kayan ya ba shi kunya a daji da yadda abin ya faru. Abin da ya yage a ɗinke shi. Abin da ake buƙata sau ɗaya a shekara a yi hayarsa ko a ara. Abin da ya shekara biyu bai fita gareji ba a sayar ko a ba wani matashi, domin shi ma ya ga ruwa. Idan akwai rarar kuɗi, a sa su a koyon tuƙi da ceto, ko a sayi kwana biyu na hutu.

Mai karatu da bai taɓa riƙe filafili ba, kada ya ɗauka ya tsira. Injin tallan da ke bin mai kwalekwale a Minnesota shi ne a cikin wayar da kake karanta wannan rubutu, kuma ya san abin da ka duba jiya. Kafin ka tura kuɗin sabuwar waya ko sabuwar kamara, ka tambayi kanka abin da ta hannunka ta kasa yi maka a wannan makon. Idan ka rasa amsa, bar kuɗinka a aljihu.